Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Zamfara Kan Ruwan Gummi

Mai Girma Gwamna, Dokta Dauda Lawal,

Dalilin wannan takarda shi ne ambaliyar da ta rushe dubban gidaje a Gummi cikin Agustan 2024, har ka taka ƙafa ka je jaje, da kuma kwale-kwalen da ya kife da manoma cikin Satumba, rayuka masu yawa suka salwanta. Allah Ya jiƙansu.

Ranka ya daɗe, gaibu na Allah ne, babu mai jayayya. Amma hasashen damina da hukumar kula da yanayi, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, da jerin ƙananan hukumomin da hukumar sa ido kan ruwa, NIHSA, ke ambatawa cewa ruwa na iya cinye su, ba duba ba ne, ilmi ne na awo da lissafi, kuma riƙo da shi riƙo ne da sababi, kamar yadda Annabi Yusuf ya tanadi hatsi tun kafin shekarun fari su kama, babu malamin da ya ce tawakkalinsa ya raunana. Illa iyaka wannan ilmi yakan tsaya a Abuja, in ya yi nisa ya kwana a ofisoshin Gusau, alhali mai unguwar da gidajen jama'arsa na laka ne, a bakin Gulbin Zamfara, ba ya jin komai sai ruwa ya shigo zaure.

Roƙona shi ne a kafa sandunan awo a gulbin daga Bukkuyum zuwa Gummi, haka kuma a Gulbin Ka, a ɗora wa mutane sanannu alhakin dubawa safe da yamma tun daga Yuli, domin ruwan da ya wuce Bukkuyum yana bai wa Gummi ɗan lokacin kwashe yara da hatsi. Kada a dogara ga wayar salula kaɗai, mu da muka ga an rufe layuka a 2021. A bi ta fadar Anka da ta Gummi da ta Bukkuyum, hakimai su sanar da dagatai, limamai su faɗa bayan huɗuba, a kuma ayyana wa kowace unguwa tudun da za ta nufa tun kafin hadari ya haɗu.

Wassalam.