Jirgin Wasa Ba Wasa Ba Ne

A ƙasashen Turai da Amurka, in mutum ya fita bayan gari ranar hutu, ya kan tarar da wani fili da aka share, mutane na tsaye a bakinsa kowa ya ɗaga kai sama. Abin da su ke kallo ɗan jirgin sama ne wanda faɗin fukafukansa bai fi gaba guda ba, yana alkafura, yana mirginawa, wani lokaci ma ya juya ya yi ta tafiya a rigingine. Babu kowa a cikinsa. Matuƙinsa yana nan ƙasa riƙe da akwatin rediyo, kuma sau da yawa shi ne ya harhaɗa jirgin da hannunsa daga guntayen itace. Yanzu irin waɗannan kaya sun fara isowa hannun samarinmu, kuma mun ji dattawa da yawa suna cewa ɓarnar kuɗi ce da ɓata lokaci. Mu dai ba mu yarda da haka ba, kuma za mu faɗi dalilinmu.

Da farko ya kamata a san yadda abin ya ke. Mai sha'awa ya kan sayi akwati wanda ke ɗauke da zanen jirgin a kan babbar takarda, da guntayen itacen balsa da aka riga aka yanka. Balsa itace ne maras nauyi ƙwarai, mafi yawansa daga ƙasar Ekwado ta Amurka ta Kudu a ke kawo shi. Sai ya shimfiɗa zanen a kan allo miƙaƙƙe, ya jera haƙarƙarin fiffike ɗaya bayan ɗaya, ya kafe su da allurai, ya sa gam, ya jira ya bushe. In ya gama fukafukai da gangar jiki da jela, sai ya goge su da sanfefa, ya lulluɓe su da wata irin leda da a ke mannawa da zafin dutsen guga. Bayan wannan sai ya sa injin lantarki da farfela, da batir, da 'yar na'ura mai karɓar saƙon rediyo, da waɗansu ƙananan injuna da a ke kira sarbo. Su ne ke motsa 'yan ƙyamaren da ke bayan fukafukai da jela. Na fukafukai su ke sa jirgi ya karkata ko ya mirgina, na jela na kwance shi ke ɗaga hanci ko ya sunkuyar da shi, na jela na tsaye kuwa shi ke karkatar da hanci dama ko hagu. In aka haɗa da ƙarfin inji, abubuwa huɗu ke nan da matuƙi ke sarrafawa da sanduna biyu da ke kan akwatinsa.

To, jama'a, yaron da ya bi duk waɗannan matakai, me ya rage bai taɓa ba? Ya karanta zane, ya yi awo da lissafi, ya yi sassaƙa, ya liƙa waya da darma, ya san bambancin ƙarfin wuta da yawanta. Abin da ya fi wannan duka, ya sami malamin da ba a yi wa wayo, watau iska. A aji yaro ya kan haddace abu ya ci jarrabawa ba tare da ya fahimce shi ba. A fili kuwa, in fiffike ɗaya ya murɗe ko da kaɗan, jirgin zai riƙa janyewa gefe guda. Akwai kuma wurin daidaiton nauyi, wanda a yawancin jirage ya ke tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffike, in an auna daga gaba. Mai haɗi ya kan tallabi jirgin da yatsu biyu a daidai wurin da zane ya nuna, ya matsa batir gaba ko baya har ya daidaita. In nauyi ya rinjaya gaba, jirgi zai tashi amma da ƙyar, ya kuma sauka da gudu. In ya rinjaya baya, ba mai iya riƙe shi, aikin wata uku sai ya tarwatse cikin daƙiƙa goma. Wanda ya taɓa tsintar guntayen jirginsa a cikin ciyawa ba ya sake yin awo da ka.

Masu cewa wasan yara ne, sai su waiwayi tarihin jirgin sama. A 1871 wani Bafaranshe, Alphonse Pénaud, ya tashi ɗan jirgi mai aiki da murɗaɗɗiyar roba a birnin Faris, ya nuna cewa abu mai fukafukai da jela zai iya daidaita kansa a iska. A 1878 wani uba a Amurka ya kawo wa 'ya'yansa biyu abin wasa mai tashi wanda aka yi bisa dabarar mutumin nan. Yaran su ne Wilbur da Orville Wright. Da suka girma suka zama masu ƙera kekuna, a 1901 suka gwada ƙananan fukafukai wajen 200 a cikin wani akwatin iska da suka gina, ran 17 ga Disamba 1903 kuwa jirginsu ya tashi da mutum a Kitty Hawk, ya yi daƙiƙa 12 ya ci ƙafa 120. Neil Armstrong, wanda ya fara taka wata a 1969, shi ma da ƙananan jirage ya fara tun yana yaro. Ashe gaskiyar Hausawa ne da suka ce da rarrafe yaro kan tashi.

Abin ma ya daɗe da zama gasa ta duniya. Tun wajen 1937 waɗansu tagwaye a Amurka, Walter da William Good, suka sarrafa ɗan jirgi da rediyo. Ƙungiyar wasannin sama ta duniya, FAI, wadda aka kafa a 1905, ta shirya gasar duniya ta farko ta alkafura da jiragen rediyo a 1960 a ƙasar Suwizalan. Rukunin nan sunansa F3A. Faɗin fukafukan jirgin gasa ba ya wuce mita 2, alƙalai kuma suna zaune suna ba kowane juyi maki daga 0 zuwa 10, suna duba ko da'ira ta fita da'ira, ko layi ya miƙe. A da injin mai a ke sa wa jiragen nan, mai ƙara da maiƙo, domin batir na wancan zamani nauyinsa ya fi amfaninsa. Daga farkon shekarun 2000, da batirin litiyam da sabon injin lantarki maras buroshi suka yaɗu, sai lantarki ya ci kasuwa. Haka kuma rediyo mai aiki a kan zango 2.4 GHz ya kawar da tsohuwar matsalar nan ta saƙon wani ya shiga jirgin wani.

Akwai masu cewa, tun da ana sayar da jirgi haɗaɗɗe na soso, wanda za a buɗe kwali da safe a tashe shi da yamma, mene ne na wahalar haɗi? Ba mu ƙi wannan ba, yana da ranarsa. Amma wanda ya sayi haɗaɗɗe, ran da ya karye sai ya tsaya yana kallonsa. Wanda ya haɗa nasa ya san kowane haƙarƙari da inda ya sa shi, zai yanke wurin da ya lalace ya dasa sabo. Mun daɗe muna sayen abin da ba mu san cikinsa ba, tun daga agogo har mota. In yaranmu za su shiga wannan sha'ani, muna so su shiga ta ƙofar masu ƙira.

Sai dai muna da gargaɗi ga samarin kansu, gama zuciyar saurayi jirgin alkafura ta ke so tun ranar farko. Wannan kuskure ne. Jirgin koyo fiffikensa a sama ya ke, gefunansa sun ɗan ɗaga, sabo da haka in ka saki sanda ya kan daidaita kansa. Jirgin alkafura an yi fiffikensa sama da ƙasa iri ɗaya domin ya tashi a rigingine kamar yadda ya ke tashi daidai, kuma inda ka nufe shi nan zai ci gaba, ko da ƙasa ce. Ga kuma wani abu da ke rikita kowane sabon hannu: in jirgi ya juyo yana fuskantarka, damarsa ta koma hagunka. A fara da gwaji a kwamfuta, sa'an nan jirgin koyo tare da gwani a gefe, gama ana iya haɗa akwatunan rediyo biyu yadda malami zai karɓe tuƙi da zarar ɗalibi ya rikice. Jirgin alkafura ya zama na biyu ko na uku. Sannu ba ta hana zuwa.

Batun haɗari kuma ba mu raina shi ba. Farfelar injin lantarki ta kan tashi nan take ba gargaɗi, tana kuwa yanka yatsa, don haka a kan cire ta in ana gyara a ɗaki, a fili kuma a kunna akwatin rediyo kafin a haɗa batir. Batirin litiyam kowane ɗaki nasa bolt 3.7 ne, in ya cika 4.2. In aka cika shi fiye da haka, ko aka huda shi, ko aka bar shi cikin mota a rana, ya kan kumbura ya kama wuta mai wuyar kashewa. A ƙasa mai zafi kamar tamu wannan ba abin sakaci ba ne. Kada a sa shi caji a tafi barci, kada kuma a sake amfani da wanda ya kumbura. Wajen tashi kuwa, a nisanci taron mutane da gidaje da wayoyin lantarki, a nisanci filin jirgin sama da barikin soja nesa ƙwarai. A Ingila da Amurka iyakar da aka saba sa wa irin waɗannan jirage ƙafa 400 ce, kuma dole idon matuƙi ya kasance a kan jirginsa.

Wannan ya kawo mu kan hukuma. A 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Nijeriya, NCAA, ta ba da sanarwar hana tashin jirage marasa matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro. Ba mu ga laifin tsoron da ya jawo haka ba. A Disamba 2018 rahoton ganin irin waɗannan na'urori ya sa an rufe filin jirgin Gatwick na Ingila, tafiyar mutum wajen 140,000 ta lalace. Amma muna roƙo a bambanta ɗan makarantar da ke kewaya fili guda na minti bakwai ko takwas, a gaban malaminsa, da mai leƙen asiri. Ƙasashen da suka riga mu sun bi hanyar ƙungiya. A Amurka akwai ƙungiyar AMA tun 1936, a Ingila akwai BMFA, kowace tana da filaye sanannu da dokoki da inshora ga 'ya'yanta, hukuma kuma ta san wanda za ta tambaya in wani abu ya faru. Saurayin da ya rasa hanyar neman izini mai sauƙi ba ya bari, ɓuya ya ke yi, kuma mai ɓuya shi ya fi haɗari.

Saura maganar kuɗi, kuma gaskiya ce kayan nan da tsada, daga waje a ke kawo su. Amma ba lalle kowane yaro ya mallaki nasa ba. Akwatin rediyo guda da caja guda sun ishi ƙungiyar yara ashirin, kuma kayan lantarkin jirgin da ya faɗi a kan cire su a sa wa wani. Wanda ya haɗa jirgi ɗaya daga akwati, na biyu zai iya yanka shi da kansa daga zane. Hannu kuwa muna da shi. Duk wanda ya ga motar kara da ta langalanga da yaran unguwa ke ƙerawa, har da sitiyari mai juyawa, ya san abin da suka rasa shi ne mai nuna musu awo da dalili.

Jiragen sama sun fara sauka Kano tun ran 1 ga Nuwamba 1925, makarantar koyon aikin jirgin sama ta Zariya kuma an kafa ta a 1964. Abin da mu ke nema ga shugabannin makarantun sakandare da na koyon sana'a shi ne su ba da ɗaki guda da tebur miƙaƙƙe, da malami guda mai haƙuri, su nemi izinin hukuma a rubuce kafin a tashi komai. Masu hali su taimaka da akwati ɗaya ko biyu. Iyaye kuma, in kun ga yaro ya duƙufa kan zane yana jera guntayen itace har dare, ku tambaye shi ya bayyana muku abin da ya ke yi kafin ku ce ya tashi. Allah ya sa mu dace, amin.