Ba Girin-Girin Ba, Ta Yi Mai: Ma'aunin Nasarar Tiyatar Ƙafa

A duk lokacin da aka fito da majinyaci daga ɗakin tiyata, tambaya ɗaya ce a bakin dangi: an yi nasara? Idan likita ya ce an yi, sai a yi hamdala a watse. Amma a tiyatar tafin ƙafa da idon sawu, wannan tambaya ba ta samun cikakkiyar amsa a ranar, ko a ranar da aka cire zaren ɗinki. Amsarta tana zuwa ne bayan shekaru, sa'ad da za a ga ko mai ƙafar yana iya wuni a gona, ya tsuguna, ya yi zaman tahiya, ya kwanta ba tare da zugi ya hana shi barci ba. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a riƙe, kuma duk wanda ya riƙe shi zai ga cewa wuƙar likita kashi ɗaya ce kawai cikin aikin. Sauran ya rataya ne a kan zuwa asibiti da wuri da kuma ci gaba da komawa bayan an sallami mutum.

Rimin Gado ta isa misali. Ƙaramar hukuma ce da ke kimanin kilomita 20 yamma da birnin Kano, a kan hanyar Gwarzo, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane sama da 100,000. Yawancinsu manoma ne, gona na jikin gona, ana noman gero da dawa da gyaɗa da wake. Manomin irin wannan ƙasa da ƙafarsa yake cin abinci. Da ita yake taka rami ya rufe iri a ranar shuka, a kanta yake dogara sa'ad da yake huɗa, ita ce ke kai shi kasuwa. Ƙafar da ta miƙe a hoton ƙashi, amma ta sandare har ba ta lanƙwasuwa, ba ta gama yi masa amfani ba.

Yadda ƙafa take aiki

Tafin ƙafa da idon sawu suna ɗauke da ƙasusuwa 26 da mahaɗai 33, tare da jijiyoyi da tsokoki masu yawa da ke riƙe da su. A idon sawu, ƙasusuwan ƙauri guda biyu suna sauka su rungumi wani ɗan ƙashi, kamar yadda ƙota take riƙe ruwan fartanya. Fuskokin da ke gugar juna a wurin suna lulluɓe da guringuntsi mai santsi, wanda idan ya cinye ba ya sake tsirowa yadda yake.

A 1976, likitoci biyu a Amurka, Ramsey da Hamilton, sun auna abin da ke faruwa idan wannan ɗan ƙashi ya goce daga mazauninsa. Sun gano cewa gocewar milimita 1 kacal tana rage filin da ƙasusuwan ke haɗuwa da kashi 42 cikin ɗari. Ke nan nauyin jiki duka sai ya tattaru a ɗan ƙaramin wuri, guringuntsi ya dinga cinyewa a hankali, bayan shekaru ciwon gaɓa ya bayyana. Milimita 1 bai kai kaurin ƙwayar gero ba, kuma ba hannun da zai iya jin sa ta saman fatar da ta kumbura.

Darasin murɗaɗɗiyar ƙafa

Cutar da ta fi koya wa likitoci wannan darasi ita ce murɗewar ƙafa ta haihuwa. Cikin kowace haihuwa 1,000 akan sami kimanin jariri 1 da tafin ƙafarsa ya juya ciki ya kalli ƙasa. Ta fi samun maza fiye da mata, kuma kusan rabin yaran ƙafafu biyun take kamawa. Gado yana da hannu a cikinta, ba kuma laifin uwa ba ne. Ta bambanta da shan inna, wadda ƙwayar cuta ke haddasawa bayan haihuwa. Idan aka bar ta, yaro zai tashi yana tafiya a kan gefen ƙafa ko bayanta, wurin ya yi kanta, ya riƙa tsagewa, takalmi kuma ya gagare shi.

A shekarun 1970 da 1980, maganin da ya fi tashe a duniya shi ne babbar tiyata. Likita zai tsaga bayan ƙafa da gefenta, ya saki jijiyoyi, ya buɗe mahaɗai, ya jera ƙasusuwa, ya kafe su da 'yan ƙarafa. Ranar da aka cire siminti, ƙafa ta miƙe sambal, iyaye suna murna, likita ya rubuta nasara a littafinsa. Sai a 2006 wani likita mai suna Matthew Dobbs da abokan aikinsa suka nemo mutane 45 da aka yi wa irin wannan tiyata suna yara, kimanin shekara 30 bayan aikin. Da yawansu ƙafafun sun sandare, suna ciwo, mahaɗan sun lalace, aikin yau da kullum yana ba su wahala. Tabon da wuƙa ta bari a ciki ya zama igiyar da ta ɗaure ƙafar.

Tun a ƙarshen shekarun 1940, wani likita haifaffen Sifen, Ignacio Ponseti, wanda ya yi aiki a Jami'ar Iowa ta Amurka, ya lura da wannan illa, ya ɗauki wata hanya dabam. Ya san cewa ƙasusuwan ƙafar jariri galibinsu guringuntsi ne, jijiyoyinsa kuma suna miƙuwa idan aka ja su a hankali. Hausawa sun riga sun faɗa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A hanyarsa, kowane mako ana murza ƙafar da hannu zuwa inda ya dace, a naɗa mata siminti daga yatsu zuwa cinya. Bayan naɗi 5 ko 6, yawancin yara sukan buƙaci 'yar ƙaramar tiyata guda, wato a yanke agara ta wata ƙaramar kafa, aikin da ba ya wuce 'yan mintoci. Agarar tana sake haɗewa da tsawon da ake so cikin mako 3 a ƙarƙashin siminti na ƙarshe. Daga nan sai takalmin gyara, wato takalma biyu da sandar ƙarfe ta haɗa, wanda yaro zai sa sa'a 23 a kullum na wata 3, sannan da dare kawai har ya kai shekara 4 ko 5.

Ponseti ya wallafa sakamakonsa a 1963, amma likitoci kaɗan ne suka kula. A 1995, Cooper da Dietz suka binciki mutane 45 da aka yi wa magani ta wannan hanya kimanin shekara 30 da suka gabata. Kashi 78 cikin ɗari ƙafafunsu na aiki da kyau, alhali a cikin mutanen da aka haifa da lafiyayyun ƙafafu, waɗanda aka gwada su da su, adadin kashi 85 ne. Tazarar ba ta da yawa. Daga ƙarshen shekarun 1990 hanyar ta bazu. A Yuganda aka horar da ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba suka iya ta, a can kuma Michiel Steenbeek ya ƙirƙiro takalmin gyara mai arha da masu sana'ar gida za su iya ɗinkawa. Yau ita ce hanyar da duniya ta amince da ita, tana gyara fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙafafun da aka fara da wuri, ana kuma yin ta a manyan asibitocin ƙashi na Nijeriya, har da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959.

Abin lura shi ne inda wannan hanya take faɗuwa. Bincike ya nuna cewa babban dalilin da ke sa ƙafa ta koma gidan jiya shi ne barin takalmin gyara. Yaro ya yi kuka da dare, kaka ta ji tausayi ta cire masa, ko takalmin ya yi masa kaɗan ba a koma an canza ba. Aikin likita na mako 8 ne ko 9, aikin iyaye na shekara 4 ne.

Karaya da ɗori

Haka lamarin yake ga manya. Faɗuwa daga babur, ko daga bishiya, ko zurmawa rami da kaya a ka, duk suna karya idon sawu. Ba kowace karaya ke buƙatar tiyata ba. Wadda ƙashi bai goce ba, siminti na kimanin mako 6 ya ishe ta. Wadda ya goce kuwa, sai an mayar da shi daidai mazauninsa, sau da yawa a ɗaure shi da faifan ƙarfe da notina. Hoton ƙashi ne kaɗai ke raba waɗannan biyu.

Mai ɗori na gargajiya yana da ƙima a ƙasar Hausa, kuma ba a banza ya same ta ba. Yana kusa, kuɗinsa ba yawa, ya gaji sana'ar iyaye da kakanni, karaya da dama sun haɗe a hannunsa. Sai dai haɗewar ƙashi daban, haɗewarsa daidai daban. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. Gaɓar da ta karye tana kumbura, idan aka tamke ta da kara da tsumma, jini ya kasa wucewa, tsoka takan fara mutuwa cikin sa'a 6 zuwa 8. Likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe suna rubutu a kan ƙafafu da hannayen da aka yanke saboda ruɓewar da matsattsen ɗori ya jawo, da yawa kuma na yara ne. Alamomin a fili suke: zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu sun yi sanyi, sun yi baƙi, ko sun daina ji. Wanda ya ga haka ya kwance ɗaurin, ya nufi asibiti a wannan sa'ar.

Wanda ya zo bayan wata 6 da karkataccen idon sawu ya riga ya rage wa likita zaɓi. Sau da yawa abin da ya saura shi ne a kankare ragowar guringuntsi, a manne ƙasusuwan su zama ɗaya. Wannan aiki yakan kawar da yawancin ciwon, mutum ya yi tafiya, amma mahaɗar ta daina motsi har abada. Tsugunno da zaman salla sai da dabara. Idan aka ji wani yana cewa an je asibiti ƙafa ta sandare, ya kamata a tambaya yaushe aka je.

Hujjar masu ja

Akwai masu cewa wannan magana ta 'yan birni ce. Talakan ƙauye ba shi da kuɗin motar zuwa Dala kowane mako, musamman da damina, don haka gara a yi masa babban aiki sau ɗaya ya huta. Wahalar da suke faɗa gaskiya ce. Amma babbar tiyata ma tana buƙatar kwanciya a asibiti da wankin ciwo da siminti da komawa, ga kuɗinta ya ninka na naɗin siminti sau da yawa, ga abin da binciken Dobbs ya nuna yana jira a gaba. Idan nisa ne matsalar, sai a kawo aikin kusa.

Wasu kuma sukan ce haka Allah Ya halicci yaron, a bar shi. Babu mai musun ƙaddara, amma addini bai hana neman magani ba, kwaɗaitar da shi ma ya yi. Wasu na ganin yaron da ya riga ya fara tafiya ya wuce gyara. Binciken da aka yi a Birazil da Nefal ya nuna hanyar Ponseti tana taimakon yaran da suka yi shekaru suna tafiya a kan murɗaɗɗiyar ƙafa, ko da yake naɗin simintin ya fi yawa, wasu kuma sai an ƙara musu tiyata.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, ungozoma da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi su duba ƙafafun kowane jariri, a ranar haihuwa ko ranar rigakafin farko, su tura wanda suka ga alama cikin makonnin farko. Na biyu, hukumomin lafiya na jiha su horar da ma'aikata a ƙananan hukumomi irin su Rimin Gado, a ware rana ɗaya a mako ta duba takalmin gyara da canza shi, Dala ta riƙe ayyuka masu wuya. Abin da ya yiwu a Yuganda ba zai gagari Kano ba, garin da dukawansa suka yi suna a aikin fata tun ƙarnoni da suka wuce. Na uku, a zauna da masu ɗori cikin mutunci, a nuna musu karayar da ya kamata su tura asibiti, musamman wadda ta shafi mahaɗa da wadda ƙashi ya huda fata. Na huɗu, asibitoci su riƙa bin sawun majinyatansu, su rubuta yadda ƙafa take bayan shekara 1 da 5 da 10, su kuma tambayi abin da ya dami mai ƙafar: yana noma, yana tsugunno, yana zaman tahiya? Ba don irin wannan bibiya ba, da har yau ana yi wa jarirai babbar tiyata ana kiran ta nasara.

Malamai da ɗalibai ma suna da rabonsu. Malami yana ganin yaron da ke ɗingishi a filin makaranta, yana iya kiran mahaifinsa. Ɗalibin sakandare shi ne mai karanta wa gida katin asibiti, shi zai tuna ranar komawa, shi zai bayyana wa kaka cewa kukan 'yan kwanakin farko yana wucewa, cire takalmin kuwa yana iya mayar da aiki baya. Ranar 3 ga Yuni ta kowace shekara, ranar da aka haifi Ponseti a 1914, duniya ta keɓe ta don wayar da kai a kan wannan cuta. Makarantar da ta ba da darasi guda a wannan rana, ta kuma aiki ɗalibanta su duba ƙafafun ƙannensu idan sun koma gida, tana iya zama sanadin da wani yaro zai taka ƙasa da tafin ƙafarsa har tsufansa.