Gayyar Awa 48: Darasin Maƙeran Wasannin Kwamfuta Masu Zaman Kansu ga Sassan Nazarin Hausa

Gabatarwa

A watan Fabrairun 2016 aka fitar da wani wasan kwamfuta mai suna Stardew Valley, wanda jigonsa noma ne da kiwo da zaman ƙauye. Mutum guda, Eric Barone, ɗan ƙasar Amurka, shi ya rubuta manhajar wasan, ya zana hotunansa, ya tsara kiɗansa, ya kuma rubuta duk zantukan da ke cikinsa, aikin da ya ci masa shekara huɗu da rabi. Cikin wata biyu aka sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya, kuma zuwa ƙarshen 2024 adadin ya haura miliyan 40. Kafin shi, Daisuke Amaya na ƙasar Japan ya shafe shekara biyar yana haɗa Cave Story a lokutan hutunsa, ya sake shi kyauta a 2004. Haka nan Lucas Pope ya bar aiki a babban kamfani, ya fitar da Papers, Please a 2013, wasan da ke ɗora mai yinsa a kujerar jami'in duba fasfo a iyakar wata ƙagaggiyar ƙasa.

Yawancin masu ba da waɗannan labarai kan tsaya ne ga baiwar mutum ɗaya da ya kulle kansa a ɗaki ya fito da abin mamaki. Ra'ayin wannan muƙala shi ne cewa darasin da ya fi amfani yana wani wuri dabam: a cikin al'adar da ta reni irin waɗannan maƙera, wato tarukan da ake haɗa wasa daga farko zuwa ƙarshe cikin kwana biyu ko uku. Wannan al'ada ta koyar da ƙayyade aiki, da kammala shi, da miƙa shi ga jama'a su gwada. Sassan nazarin Hausa na jami'o'i suna da buƙatar abubuwan nan uku, kuma suna da hanyar ɗaukar al'adar ba tare da jiran wani babban tallafi ba.

Yadda gayyar take

Sunan da ya fi dacewa da irin wannan taro a Hausa shi ne gayya, domin kamar aikin gayya na gona, jama'a ne ke haɗuwa a ƙayyadadden lokaci su yi aikin da zai ɗauki mutum ɗaya makonni. Bambancin kawai shi ne a nan kowane rukuni kunyarsa yake nomewa. Ɗaya daga cikin mafiya daɗewa ita ce Ludum Dare, wadda aka fara a 2002. Mahalarta ne ke zaɓar jigo ta hanyar ƙuri'a, ba a kuma bayyana shi sai lokacin farawa. Akwai rukunin awa 48 wanda mutum ke shiga shi kaɗai, ya ƙirƙiri komai a cikin wa'adin, sannan ya saki tushen manhajarsa kowa ya gani; akwai kuma rukunin awa 72 da aka yarda a yi haɗin gwiwa. Bayan an rufe, mahalartan ne ke buga wasannin juna su ba da maki da sharhi, kuma wanda ya fi gwada na wasu shi ne nasa ke ƙara fitowa fili.

Global Game Jam kuwa an fara ta a watan Janairun 2009 a ƙasashe 23, bisa koyi da Nordic Game Jam ta ƙasar Denmak. Zuwa 2020 ta kai ƙasashe 118, kuma da yawa daga cikin wuraren da ake gudanar da ita harabar jami'o'i ce.

Iyaka a matsayin makaranta

Babban ciwon mai aiki shi kaɗai shi ne faɗin buri. Da yake babu shugaban da zai tsawata masa, kullum sai ya ƙara wani sabon abu a kan aikin, har ƙarfinsa ya ƙare ginin bai kai rufi ba. Wa'adin awa 48 yana tilasta wa maƙeri ya amsa tambaya ɗaya tun da wuri: mene ne abu guda da wasan nan ya tsayu a kansa? A 2013, a wata gayya ta kwana bakwai, wasu matasa a ƙasar Polan suka gina Superhot a kan ƙa'ida ɗaya tak, wato lokaci ba ya tafiya sosai sai idan mai wasa ya motsa. A 2015 Maddy Thorson da Noel Berry suka haɗa samfurin farko na Celeste cikin kwana huɗu a kan PICO-8, manhajar da da gangan aka taƙaita allonta zuwa ɗigo 128 a tsaye da 128 a kwance, da launi 16 kacal. Cikakken wasan ya fito a 2018, amma zuciyarsa, wato tsalle da hawan dutse, tun a kwana huɗun nan aka same ta.

Manazarcin waƙa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Karin aruli da amsa-amo iyakoki ne, kuma a cikinsu ne marubucin waƙa ke nuna gwanintarsa. Abin da gayya ta ƙara shi ne iyakar lokaci, wadda ke sa a ga sakamako nan take, ko da kuwa sakamakon bai yi daɗi ba. Wasan da Ari Gibson da William Pellen na ƙasar Ostireliya suka haɗa a Ludum Dare ta 2013, Hungry Knight, bai samu karɓuwa ba. Sai dai asarar kwana uku ce kawai, kuma daga cikinsa suka ɗauko tauraron Hollow Knight, wanda ya fito a 2017 ya zagaye duniya.

Abin da labarin nasara ke ɓoyewa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko a wannan fage. A tsawon shekarun da Barone ya yi yana aiki kimanin awa goma a rana, abokiyar zamansa ce ke ɗauke da mafi yawan nauyin gida, shi kuma yana aikin wucin gadi na raka 'yan kallo zuwa kujerunsu a wani gidan wasan kwaikwayo. Toby Fox, mai Undertale na 2015, ya nemi dala 5,000 daga jama'a ta Kickstarter ya samu sama da 50,000, ya kuma samu taimakon masu zane. Ke nan kowane maƙeri tilo yana tsaye ne a kan kafaɗun wasu: masu ciyar da shi, masu rubuta injinan haɗa wasa na kyauta, da masu gwada samfurinsa su nuna masa inda ya karye.

Akwai kuma batun kasuwa. A 2023 kaɗai an saki wasanni fiye da 14,000 a kasuwar Steam, wato kusan 40 a kullum, kuma sunayen da ake ta ambato ba su wuce 'yan ƙalilan ba. Malamin da ya nuna wa ɗalibi Barone ya ce masa ga hanyar arziki, bai yi masa adalci ba. Ƙimar gayya ga jami'a tana cikin horon da take bayarwa da iliminta, ko da ba a sayar da kwafi ɗaya ba.

Inda harshe ya shigo

Misalin da ya fi kusa da masana Hausa shi ne Baba Is You, wanda Arvi Teikari na ƙasar Finlan ya fara a Nordic Game Jam ta 2017, ya kammala a 2019. A wannan wasa, ƙa'idojin kansu kalmomi ne da ke zube a kan allo, mai wasa yana tura su kamar akwatuna. Idan aka jera suna da mahaɗi da siffa, jimlar ta zama doka. Idan aka ture kalma ɗaya, dokar ta rushe, bangon da ya tare hanya ya zama abin ratsawa. Dukkan wasan ya ginu ne a kan tsarin jimlar Ingilishi, inda mahaɗi ɗaya ke zama a tsakiya ba tare da kula da jinsi ba. A Hausa dirka tana zuwa ne a bayan abin da take dirkewa, kuma ta rabu gida biyu, ne da ce. Wanda ya fassara kalmomin kawai zai samu jimloli marasa kai, wanda kuma ya bi nahawun Hausa dole ya sake gina matakan wasan tun daga tushe.

Wannan ya nuna cewa fassarar wasannin waje ba za ta wadatar ba, domin akwai wasannin da Hausa kaɗai za ta iya haifarwa. Azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya tsara a 1960 sun isa misali: fita da fito, shiga da shigo, saya da sayo da sayar da saye. Canza wasalin ƙarshe yana juya alkiblar aiki ko ya kai shi matuƙa, wanda shi ne ainihin abin da maƙerin wasa ke nema, wato ƙaramin motsi mai babban sakamako. Zaurance, kacici-kacici da karin magana mai gaɓa biyu duk suna da ƙa'idojin da za a iya mayarwa wasa. Dara ma, da gurabenta 30 da 'ya'ya goma sha biyu ga kowane ɗan wasa, tsari ce cikakkiya da ɗalibi zai iya gwada sauya ƙa'idarta ɗaya ya ga abin da zai faru.

Tarihin adabin Hausa ya san amfanin kira mai wa'adi. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ce ta fito da Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar da Idon Matambayi, a lokacin da Abubakar Imam yake malamin makaranta ɗan shekara 22. Marubutan adabin kasuwar Kano su ma da kuɗinsu suka buga littattafansu, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama don tallafa wa juna. Fifikon gayya a kan gasar 1933 shi ne alƙalancin yana hannun mahalarta, ba hannun jami'i guda ba.

Shawara ga sassan Hausa

Abin da ake ba da shawara ƙarami ne: sashen Hausa ya haɗa kai da sashen kimiyyar kwamfuta su shirya gayya ta kwana uku sau ɗaya a shekara. Kowane rukuni ya ƙunshi ɗalibin harshe ko adabi, da mai rubuta manhaja, da mai zane. Jigo ya kasance kalma ɗaya ko karin magana ɗaya. Kayan aikin kyauta ne: Twine, wadda Chris Klimas ya fitar a 2009, ta isa a gina labari mai rassa ba tare da zurfin sanin manhaja ba, Godot kuma tun 2014 take buɗe ga kowa, kuma dukkansu suna aiki ba tare da intanet ba. Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne a rubuta komai da Hausa tun daga farko, da haruffa masu lanƙwasa yadda ya kamata. Da yawa daga cikin salon haruffan da ake amfani da su a wasanni ba su da ɓ, ɗ da ƙ, don haka zana su ma aiki ne da zai amfani na baya.

Za a iya cewa irin waɗannan taruka suna koya wa matasa kwana ido biyu da wahalar da jiki, kuma akwai gaskiya a zargin. Maganinsa shi ne a yi aikin da rana kawai a rufe ɗaki da magariba, wanda zai kuma rage kuɗin man janareta. Za a iya cewa mafi yawan abin da za a samar ba zai yi inganci ba. Haka ne, amma haka rubutun gwaji na kowane aji yake, kuma wasa goma marasa kyau da aka kammala sun fi koyar da ɗalibi a kan babban wasan Bayajidda da aka shekara biyar ana rubuta takardar neman tallafinsa.

Kammalawa

Ribar da sashe zai samu ta wuce wasannin kansu. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya tattara kalmomin nazarin harshe da adabi. Kalmomin wannan sabon fage kuwa za su fi zama daram idan sun fito daga bakin ɗaliban da suka buƙace su a tsakiyar aiki, aka kuma ga waɗanda masu wasa suka gane nan take. Idan aka adana wasannin kowace shekara tare da tushen manhajarsu da sharhin mahalarta, cikin ɗan lokaci sashe zai mallaki taskar da za a iya rubuta kundin digiri a kanta. Abin da ake buƙata don farawa shi ne ɗakin kwamfuta ɗaya, da malamai biyu daga sassa biyu, da ranar da za a sa a jadawalin zangon karatu.