Wa ya ba ku jan bik?

Duk ƙarshen kakar wasa, daga Madawa zuwa Buza har Keita, fadodinmu na rikiɗewa su koma ɗakin taron malamai. Shayi na kan gawayi, wani ya yago takarda daga tsohon littafinsa na lakwal, ya jera sunayen ƴan wasa goma sha ɗaya da na benci, sai a shiga rabon maki bisa 20 kamar yadda mushe ke yi mana. Wane 17, wane 9, wane ko 2 ta yi masa yawa. A watan Mayu ƴan Real Madrid da Barcelona da Chelsea ake yi wa. A watan Satumba, idan gasar babban hutu ta ƙare, sai a juyo kan yaran unguwa. Kafin a zuba shayi na uku an ɗauki hoton takardar an watsa a WhatsApp.

Ƴan'uwa ɗalibai, ni ina adawa da wannan rabon maki yadda ake yin sa, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Mafi yawan masu riƙe da jan bik ɗin ba su kalli wasannin ba. Waɗanda suka kalla kuwa, ƙwallo kaɗai suka bi da ido, ba su ga mutum ba.

A fara da waɗanda ba su kalla ba. Kowa ya san yadda kallon ƙwallo yake a garuruwanmu. Yau wuta ta ɗauke ana tsakar wasa, gobe babu kuɗin shiga gidan kallo, jibi an aike ka garkar albasa ban ruwa. A cikin wasanni 38 da kulob ɗin Sifen ko na Ingila ke yi a gasar ƙasarsa, nawa ɗayanmu ya zauna ya gani daga busa ta farko zuwa ta ƙarshe? A faɗi tsakani da Allah. Sauran duk a salula aka gan su, guntun bidiyo na minti uku. To mi ke cikin minti ukun nan? Wanda ya ci, da wanda ya yi kuskure aka ci. Shi ke nan. Ɗan wasan da ya yi minti 90 yana toshe hanya, yana hana a miƙa ƙwallon da za ta zama ci, ba ya cikin bidiyon, domin abin da ya hana faruwa ba shi da hoto. Da mushen Faransanci zai karanta layin farko da na ƙarshe na jarabawarka ya kafta maka 6, da tuni mun kira taron gaggawa, an rufe lakwal, an fito titi. Amma abin da ba mu yarda a yi mana ba, shi muke yi wa wasu muna ƙyaƙyata dariya.

Wannan makantar ba a fadarmu ta fara ba, manya ma sun yi ta. A 2003 Real Madrid ta saki Claude Makélélé ya tafi Chelsea, saboda shugabannin kulob ɗin sun ga ba ya cin ƙwallo, ba ya sayar da riga kamar Zidane da Ronaldo da Beckham. Su ne zakarun Sifen a shekarar da ya tafi. Ba su ƙara ɗaukar wannan kofin ba sai 2007, duk da taurarin da suka tara. Shi kuwa ya je Landan ya ɗauki kofin Ingila a 2005 da 2006. Kyautar Ballon d'Or da muke ta kai ruwa rana a kanta, tun da aka ƙirƙiro ta a 1956 gola ɗaya tak ya taɓa samun ta, Lev Yashin, a 1963. Da aka ba Rodri ita a 2024, ɗan tsakiya mai aikin da ba a tafa wa, ƴan Madrid ƙin zuwa bikin suka yi gaba ɗaya, a nan kuma rabin fadodi suka kwana suna cewa an yi wa Vinicius fashi. Ku tuna 2021 kuma. Édouard Mendy ya tsare wa Chelsea gida har ta ɗauki kofin zakarun Turai, amma ba a sa sunansa cikin mutum 30 na Ballon d'Or ba. Mun yi kuka, mun ce Turawa sun raina baƙar fata, sun raina gola. Gaskiya muka faɗa. Sai dai bakin da ya yi wa Mendy kuka, shi ne ke ba golan unguwarsu 4 bisa 20.

Mu dawo gida. Duk ɗan Nijar mai son ƙwallo ya san wanda ya ci Masar a Yamai a watan Oktoba na 2010: Moussa Maazou. Ya cancanci a tuna da shi, domin Masar ɗin nan ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere kafin ta zo ta faɗi a filin Seyni Kountché. Amma ga tambaya. Mena ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013, wasa shida ke nan, kuma maki ɗaya ta tsira da shi daga cikinsu. Daga ina ya fito? Daga canjaras babu ci da Kwango Dimokuraɗiyya a Port Elizabeth, a watan Janairu na 2013, ranar da gola Kassaly Daouda ya tsaya wa Mbokani da abokansa a wuya. Kwana huɗu kafin wannan, shi dai Kassaly ɗin ne ƙwallo ta kuɓuce wa a hannu ana dab da tashi, Seydou Keita ya zura ta, Mali ta ci mu ɗaya da nema. Mutum ɗaya, hannuwa guda, mako guda. Da fadarmu ce ke da iko, da daren wasan Mali ta ba shi sifili ta ce a ajiye shi, da makin nan guda ma ba mu gan shi ba. Haka Loris Karius na Liverpool: duniya ta mai da shi abin dariya bayan wasan ƙarshe na 2018 a Kiev, sai daga baya likitoci a Boston suka gwada shi suka ce ya samu buguwa a ka a cikin wasan. Bayanin likita bai yi tafiyar da bidiyon ba'a ya yi ba, har gobe.

Wani zai ce: to ina ruwan Karius da fadar Tamaske? Ai bai san da mu ba. Haka ne, kuma nan ne maganata ta fi nauyi. Idan mun ba Mbappé 5, ba zai ji ba, albashinsa ba zai ragu da ko dala ba, mu ne dai muka ɓata dare. Amma hannun da ya saba yanka a kan na nesa ba ya sanin ya yi sassauci idan ya iso kan na kusa. Ma'aunin da muka aro daga allon Canal+ shi muke ɗorawa kan yaron Karofan ko na Ibohaman, kuma shi yana ji. Ƙanwarsa na gani a salular maƙwabta. Yarinyar da yake nema an tura mata.

Ku dubi wanda muke aunawa. Gasar hutu tana faɗowa ne a tsakar damina. Yaron nan tun asuba yana gona, ya duƙa kan hatsi har rana ta take, ya dawo ya sha fura, sannan ya tako ko ya hau bayan babur ya zo fili da la'asar. Ba a biyan sa ko sisi. Takalmin da ke ƙafarsa na roba ne, wani lokaci ma na aro, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya matsi. Filin kuwa, wanda ya san ƙasar Buza da Keita ya san ba ciyawa ake nufi ba: tsakuwa ce da jar ƙasa, ga kwararon da ruwan jiya ya yanka ta tsakiya. Ƙwallo na tahowa miƙe sai ta daki dutse ta sauya hanya. Golanmu ba shi da safar hannu, kuma duk faɗuwar da ya yi don ya tare ƙwallo, fatar gwiwar hannunsa ya bari a ƙasa. Ya yi wannan sau takwas a wasa ɗaya, ba wanda ya ƙirga. Ta tara ta zille masa, sai ka ji daga bayan raga, in ma akwai ragar: "Wanga gola hannuwan tuwo gare shi! Mi ya tsinana muna tun da anka fara?" Mai wannan ihun ya iso fili bayan hutun rabin lokaci, da rake a hannunsa. Shi ne kuma zai riƙe bik a daren rabon maki.

Sannan akwai abin da kowa ya sani ba a faɗi. Makin yaran gida ba ƙafa kaɗai yake bi ba. Yana bin unguwa, yana bin dangi, yana bin wanda babansa ya sayo rigunan ƙungiya. Ɗan gidan mai kanti ba ya sauka ƙasa da 12 ko da ya kwana yana harba ƙwallo cikin gonar mutane. Yaron da ya zo daga ƙauye yana zaune wurin kawunsa don karatu, shi ne ake gwada kaifin baki a kansa, don ba shi da wa a fadar da zai ce a'a. Na ga takardar da aka rubuta wa wani ɗan baya "a sayar da shi a sayi gawayi" a gaban sunansa. An sha dariya. Da hutu ya zagayo bai fito ba, kuma babu wanda ya je ya tambaye shi dalili.

Ba ƙaramin abu ba ne yaro ya bar fili a ƙasar Adar. Mun san abin da ke jiran samarinmu da zarar an gama girbi: tafiya biɗa, Abijan, Legas, Libiya, Aljeriya. Ba na cewa ƙwallo za ta hana talauci korar mutum. Amma ƴan abubuwan da ke sa saurayi ya ji garinsu na son sa ba su da yawa, kuma wannan rigar mai lamba a baya tana cikinsu. Mu da ba mu gina masa fili ba, ba mu saya masa takalmi ba, abin da ya rage a hannunmu mu ba shi shi ne mutunci, shi ɗin ma mun hana.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jin su. Na farko: "Kai, raha ce, kada ka mai da ita wa'azi." To, raha ina son ta, ni ma ba dutse ba ne. Amma raha da baki ake yi a gaban mutum, ya rama, a tashi. Wadda aka rubuta, aka sa lamba, aka tura wa mutum ɗari a WhatsApp har da ƴan garin da ke Abijan, ta tashi daga raha ta koma shaida. Na biyu ya fi ƙarfi: "Mun yi karo-karo, mun sayi ƙwallo, mun biya kuɗin shiga gasa, don haka muna da bakin magana." Wannan na yarda da shi. Magoyin baya ba bango ba ne, kuma ɗan wasan da ke ƙin zuwa atisaye, ko mai son kai da ba ya miƙa ƙwallo, ko wanda ke neman alƙalin wasa da faɗa har a ba shi jan kati a bar ƴan'uwansa su goma, ya kamata ya ji daga gare mu. Jaridun Turai ma suna ba da maki, L'Équipe ta Faransa bisa 10 take bayarwa kuma an san ta da rowa. Sai dai wanda ke ba da makin a can ya zauna ya kalli wasan duka, kuma sunansa na kan shafin, gobe ana iya tare shi a ce ya kare abin da ya rubuta. Namu fa? Takarda ba sa hannu. Ka tambayi wa ya ba da 4 ɗin, kowa ya ce fada ce. Fada ba ta da fuska, shi ya sa ba ta jin kunya.

Abin da nake nema ba mai tsada ba ne. Wanda bai halarci ko rabin wasannin ƙungiya ba, ya sha shayinsa ya yi shiru ranar rabon maki. Wanda zai ba da lamba ya faɗi sunansa, ya kawo dalili daga wasa takamaimai, wane wasa, wace rana, mi ya faru. A auna gola da aikin gola, ɗan baya da aikin ɗan baya. A cikinmu akwai masu karatun lissafi a lise da jami'ar Tawa: mutum biyu su zauna bakin fili da takarda, ɗaya ya ƙirga ƙwallon da gola ya tare, ɗaya ya ƙirga wadda ɗan tsakiya ya ƙwato da wadda ya zubar. Wasa uku kawai za a yi haka, ku ga yadda jerin sunayen zai kife. Kuma a kira yaran su zauna a karanta a gabansu, idan har akwai mai ƙarfin halin karantawa.

Sannan a juya takardar. A bayanta a jera sunayen ƴan fada, a miƙa wa ƴan wasa bik ɗin. Wa ya kawo ruwan sha fili ko sau ɗaya? Wa ya zo ranar da aka ce a tsince tsakuwa a cike kwararo? Wa ya biya karo-karonsa ba a bi shi har gida ba? Wa ya raka ƙungiya ranar da ta je wasa wani gari ana hadari, wa kuma ya fito sai ranar wasan ƙarshe don an ce magajin gari zai zo? Wa ya shiga fili da sanda don an busa fenariti? Na kawo wannan shawarar a fadodi biyu, a Madawa da Buza. Duka biyun take aka ce shayi ya huce, a tashi. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Gasar hutu mai zuwa, ni zan zo da nawa littafin, zan zauna bayan ragar gola tun daga busa ta farko. Mai son riƙe jan bik a watan Satumba ya same ni can a watan Yuli, ya taho da jarkar ruwa.