RA'AYINMU: Kwafe Ɗaya Aka Nema, Uku Suka Fito

Duk ɗalibin da ya fito daga Ƙofa ko Kiru, ko can wajen Tudun Wada da Doguwa, ya san hanyar shagon buga takardu. Tun daga 2015, da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka kan kwamfuta, takardar shiga jarrabawa da ta sakamako sai an je an bugo su. A nan ne ake wata ɓarna da muka saba da ita har muka daina ganinta. Ka nemi kwafe ɗaya, na'ura ta zubo uku, a ce da kai "ai inji ne", ka biya kuɗin uku ka tafi.

Mu dai a namu ganin, laifin inji kaɗan ne. Kwamfuta ba ta miƙa aiki ga firinta kai tsaye, tana jera shi ne a layin jira, wanda a Windows wata manhaja mai suna Print Spooler ke kula da shi. In wuta ta ɗauke ko takarda ta maƙale, aikin na nan a layi. Mai shago ya ga shiru, ya sake dannawa, ya kuma dannawa. Da an ta da janareta, sai duka ukun su fito bi da bi. Wani lokaci kuwa adadin kwafe ne aka bari a kan 2 tun daga aikin wani.

Maganin bai kai minti 5 ba. A buɗe layin kafin a sake dannawa, a soke abin da ya maimaitu, a duba adadi. In aiki ya ƙi sokuwa, a tsai da Print Spooler, a share abin da ke cikin jakarsa mai suna PRINTERS, sa'an nan a ta da shi. In abin ya ci gaba, a sake ɗora manhajar firintar. A zamanin tafireta, akawu da hannunsa yake ƙirga kabon, don haka ya san kwafe nawa ya yi.

Kuɗin ma ba shi ya fi damunmu ba. Ina ragowar takardun ke zuwa? Takarda mai ɗauke da hotonka, da ranar haihuwarka, da lambarka ta NIN, ana tara ta a kwali, a sayar wa mai ƙosai ko mai tsire a tasha, a ƙunshe wa baƙo abinci da ita. Tun 2023 Nijeriya na da dokar kare bayanan mutane, amma dokar ba za ta bi kwalin nan tasha ba. 'Yan'uwanmu da suka fara aikin gwamnati su ma su kula: takardar biyan kuɗi guda, in ta zama biyu a kan tebur, ƙaramin ma'aikacin da ya buga ta shi za a fara tambaya.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta zauna da masu shagunan da ke cikin makaranta, a yarda cewa kwafen da ba a nema ba, ba a biyansa. Kuma a miƙa shi ga mai shi, ko a yage shi a gabansa.