Bashin da ke ƙarƙashin tekun Marmara

Duk wanda ya taɓa zuwa sarin kaya a Laleli ya san yadda gine-ginen Istanbul suke manne da juna kamar haƙora: shago a ƙasa, sito a sama, masauki a can ƙololuwa. Ɗan kasuwarmu yakan tambayi kuɗin ɗaki da ko akwai karin kumallo. Shekarar da aka yi ginin da zai kwana a ciki kuwa, ba ta cikin lissafinsa.

Ga abin da ya sa nake ganin ya kamata ta shiga. Wajen kilomita 20 kudu da birnin, a ƙarƙashin tekun Marmara, wani dogon tsagi ya ratsa ƙasa, wanda ya taso tun daga gabashin Turkiyya. Doron Anatoliya yana jan jiki zuwa yamma, santimita 2 da ɗoriya a shekara, amma bakin tsagin a cije yake, sai ƙarfi ya taru ya ɓalle a tashi guda, ƙasa ta girgiza. Ya ɓalle a Erzincan a 1939, ya ci rayuka kusan 33,000. Daga nan ya riƙa matsowa yamma kamar ɗinki yana warwarewa: 1942, 1943, 1944, 1957, 1967, har Izmit a daren 17 ga Agustan 1999, inda sama da mutum 17,000 suka rasu, wani yanki na gaɓar Golcuk ya nutse cikin ruwa da gidajensa. Gaɓar tsagin da ta rage ita ce ta ƙofar Istanbul, kuma rabonta da babban motsi tun 1766. Bashi ne, ranar biya kaɗai aka ɓoye wa mutum kusan miliyan 16.

Bayan Izmit an gane abin da ya kashe mutane. An ga kankaren da aka kwaɓa da yashin teku, gishiri ya cinye rodi. An ga unguwar Avcilar ta Istanbul, mai nisa da tushen girgizar, ta yi asarar ɗaruruwan rayuka saboda ƙasarta mai laushi ce. Aka tsaurara dokar gini, aka ɗora wa jama'a harajin girgizar ƙasa. Sai ga 2018, ana dab da zaɓe, gwamnati ta yi wa miliyoyin gine-ginen da suka saɓa ƙa'ida afuwa: biya kuɗi, karɓi takarda. Takarda dai ba ta ƙara wa ginshiƙi rodi ko ɗaya.

Ranar 6 ga Fabrairun 2023 girgiza mai maki 7.8 ta afka wa kudancin ƙasar, ta wani tsagin daban, aka rasa mutum fiye da 50,000. Shugaba Erdogan ya danganta abin da ƙaddara. Ni ma Musulmi ne, ban musa ƙaddara ba. Amma garin Erzin yana cikin lardin Hatay da aka fi ɗaiɗaitawa, kuma ko bene ɗaya bai rufta wa kowa ba a can. Magajin garin ya ce ya sha tsangwama don ya ƙi lamuntar ginin da ba izini. Masana sun ƙara da cewa ƙasar wurin ma ta taimaka, kuma benayen ba su da tsawo. Na yarda. To ai sanin inda za a kafa gini da hawa nawa za a ɗora masa, shi ma aikin mutum ne.

An rushe tsofaffin gidaje da dama a Istanbul an sake su, an ƙarfafa makarantu da asibitoci, ba zan hana hukumomi wannan ba. Sai dai mazauna birnin sun riga sun faɗi ra'ayinsu a kan sauran gine-ginen. Ranar 23 ga Afrilun 2025 girgiza mai maki 6.2 ta taso daga Marmara, daura da Silivri. Ba wani gidan da ke da mutane da ya rushe. Duk da haka an kwashi sama da mutum 150 zuwa asibiti, waɗanda suka diro ta taga da baranda, domin sun fi amincewa da kwalta a kan rufin da ke kansu.