Fatoma da Baƙonsa: Darasi Daga Kasuwar Maigatari

Duk wanda ya taɓa kwana a Maigatari daren Laraba ya san garin ba ya barci. Tun da la'asar ake ganin ƙurar dabbobi daga arewa, shanu da raƙuma da tumaki da awaki, manyan motoci kuma suna ta jeruwa a bakin hanya suna jiran lodin da za su kai Kano da Legas da sauran biranen kudu. Kafin hantsin Alhamis, ranar da kasuwa ke ci, mutum zai ji Hausar Damagaram da ta Kano, ya ji Fillanci da Barbarci da Buzanci, ya ga 'yan canji suna juya sefa da naira. A lokacin da nake zirga-zirgar tattara bayanai a wannan kasuwa, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda wannan taro yake kwana. Mutum ya baro garinsu da dukiyar da ta kai ta gina gida, ya shigo ƙasar da ba tasa ba, bai san alƙali ba, bai san ɗan sanda ba. A hannun wa yake sauka, kuma wa zai tsaya masa in ciniki ya rikice?

Mu ɗaliban Hausa mun saba amsa irin wannan tambaya da karin magana. Kundayen digiri da yawa da suka taɓo baƙunta sukan jero “baƙonka annabinka” da “shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma”, su haɗa da ladubban gaisuwa da ruwan sha da ake tarbar baƙo da shi, sannan su kammala da cewa Bahaushe mutum ne mai son baƙi. Ba ƙarya suka yi ba. Sai dai a ganina wannan nazari ya tsaya a bakin zaure. Bakin da ya ce baƙo annabi ne, shi ne ya ce baƙo raɓa ne, kuma shi ne ya ce da ɗan gari akan ci gari. Al'ummar da ta adana waɗannan maganganu gaba ɗaya ta san cewa baƙo alheri ne, ta kuma san yana iya zama haɗari. Saboda haka ba ta bar al'amarinsa a hannun kyakkyawar zuciya kawai ba. Ta ɗora shi a wuyan wani mutum sananne, mai gida da iyali da mutuncin da yake tsoron zubewarsa. A kasuwa sunan wannan mutum fatoma.

Aikin fatoma ya wuce ba da tabarma. Shi ne ke saukar da baƙo a gidansa, ya ciyar da shi, ya nema wa dabbobinsa wurin ɗauri da ruwa da harawa. Shi ke haɗa shi da dillali, ko ya yi masa dillancin da kansa. In baƙon ba ya jin harshen mai saye, fatoma ne tafinta. In an sayar, sau da yawa a hannunsa ake ajiye kuɗin har ranar tafiya. Abin da ya fi duka nauyi shi ne lamuni. Mai saye ya karɓi shanu bashi bisa sanin fatoma, in ya saɓa alkawari fatoma ake riƙewa. Haka kuma in daga baya aka gano saniyar da aka sayar ta sata ce, ba a bin baƙo zuwa jejin da ya fito, gidan da ya sauka ake zuwa. Ladan fatoma yana cikin la'ada da ihsanin da baƙo ke yi masa, amma jarinsa na gaskiya shi ne a ce baƙonsa bai taɓa kuka da shi ba, mutanen gari ma ba su taɓa kuka da baƙonsa ba. Wani dattijo da ya gaji sana'ar daga mahaifinsa ya shaida mini cewa akwai gidajen da suke sauka a wurinsu tun zamanin kakanni, kuma in baƙo ya rasu a hannunsu, su ke yi masa sutura, su ƙirga abin da ya bari a gaban shaidu, su aika wa magadansa.

Masana daga waje sun daɗe da lura da wannan tsari. Polly Hill ta yi rubutu a kansa a 1966 bisa abin da ta gani a Kumasi, Abner Cohen kuma ya bayyana yadda masu gidajen Sabo ta Ibadan ke riƙe cinikin shanu da goro a littafinsa na 1969. Abin lura shi ne dukansu a zangon kudu suka tsaya, inda Bahaushe da kansa yake baƙo. Ƙarshen igiyar da ke arewa, inda Bahaushe yake mai masauki, mu ya kamata mu riƙe shi, amma har yanzu riƙon da muka yi masa sako-sako ne.

Ƙasar Gumel kuwa ta fi ko'ina dacewa da wannan nazari, domin tarihinta kansa tarihin baƙi ne da suka zama 'yan gari. Gidan sarautarta na Mangawa ne, ta daɗe tana bin Borno, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, kuma a ƙarni na 19 ne fadar ta taso daga Tumbi, wanda yanzu yake cikin Jamhuriyar Nijar, ta zauna inda take a yau. Da Heinrich Barth ya ratsa Gumel a 1851, ya same ta babbar kasuwar kanwa, inda fatake daga gabas da arewa ke haɗuwa da masu kai kanwar har ƙasar Nufe. Irin wannan ciniki ba ya yiwuwa sai da masu masauki. Daga baya layin dogo na Kano zuwa Nguru ya kawo nasa baƙin, shi ya sa har gobe ake rarrabe Gagarawa Gari da Gagarawa Tasha. A ƙauyukan Sule Tankarkar da Maigatari ba abin mamaki ba ne a sami gidan da rabin danginsa ke ƙetaren iyaka. A da, hanyar da baƙo ke bi ya zama ɗan gari a fili take. Ya sauka a hannun wani, a kai shi gaban mai unguwa ko bulama, a ba shi aron gona, ya yi aure, a haifa masa 'ya'ya, sai sunan garinsu na asali ya koma laƙabi kawai.

Shekarun baya-bayan nan sun girgiza wannan tsari. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Maigatari ba sai a Disamba 2020, tare da ta Illela da Seme da Mfum. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris 2024. Sannan a Janairu 2025 ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata, ƙungiyar da yarjejeniyarta ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen yankin damar shige da fice ba tare da biza ba. An yi ta magana kan asarar da 'yan kasuwa suka yi, kuma magana ce mai tushe. Asarar da ba a faye ambata ba ita ce ta sanayya. Rufe ƙofa bai hana mutane shigowa ba, ya dai mayar da su hanyoyin jeji, inda ɗan acaɓa ke ɗaukarsu da dare ya ajiye su a bayan gari. Baƙon da a da yake shigowa ta zauren fatoma, kowa ya san wanda ya sauke shi, yanzu ya koyi shigowa ba tare da kowa ya san shi ba. Wato matakin da aka ɗauka da sunan tsaro ya raunana hanya mafi tsufa da gari ke da ita ta sanin wanda ya kwana a cikinsa.

Ba ina cewa fatoma waliyyi ne ba. Akwai mai ɓoye wa baƙonsa ainihin kuɗin da aka taya, akwai mai haɗa baki da dillali su ci a tsakani, kuma makiyaya suna da labarai masu ɗaci a kan haka. Wayar hannu da tura kuɗi ta banki sun rage wa baƙo dogaro da shi, wannan kuma ci gaba ne da ba wanda zai yi baƙin ciki da shi. Akwai ma aibin da ya fi wannan zurfi. Karamcin kasuwa yana bin dukiya. Mai garke yana samun ɗaki da tuwo, ɗan cin rani da ya zo da sanda da buhu yana kwana a rumfar tasha, ba mai tambayar sunansa sai ranar da aka yi sata. Duk nazarin da ya ɓoye wannan ya koma kirari.

Amma abin da ake son a maye gurbin fatoma da shi bai fi shi adalci ba. Takarda ce. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 42, ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa, duk da haka gurbin karatu da aikin gwamnati da tallafin karatu suna rataye da takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. A yankin da kaka ɗaya ke da jikoki a Dungas da Maigatari, tambayar “ina asalinka?” tana iya zama makami a hannun duk wanda ke neman ture abokin takara. Tsohon tsari yana da ƙofar fita daga baƙunta, ko da za a ɗauki shekaru kafin a kai gare ta. Takarda kuwa tana iya riƙe jikan baƙo a matsayin baƙo, alhali bai san wani gari ba sai wanda aka binne cibiyarsa a ciki.

Ina ganin akwai aiki iri biyu a gabanmu. Na hukuma da masarauta shi ne su daina kallon fatomomi a matsayin ragowar zamanin da, su san su, su riƙa shawara da su kan shigowar baƙi da dabbobi, su kuma faɗaɗa wannan ɗawainiya ta kai ga baƙon da ba shi da ko akuya, ta hannun masu unguwanni da limamai. Namu na masu nazari ya fi gaggawa, domin masu ilimin suna tsufa. Muna buƙatar a naɗi bakin dattawan fatomomi na Maigatari da Gumel, a tattara kalmomin sana'ar da yadda suke bambanta da na Kano da na Damagaram, a bi salsalar gidajen da suka gaji baƙi, a kuma ji ta bakin matan gidan, waɗanda su ke tuƙa tuwon da ake yabon maigida da shi. Dattijon da na ambata ɗazu, da na koma nemansa bayan an buɗe iyaka, na tarar ɗakunan baƙi biyu daga cikin na gidansa an zuba buhunan riɗi a ciki, babban ɗansa kuma ya buɗe shagon cajin waya a bakin tasha.